Maidawa da Muƙamuƙin Dutse

Duk wanda ya taɓa sayen zuma a kasuwar Filinge cikin shekaru talatin ɗin nan, ko bai riƙe sunan Maidawa ba, ya riƙe hannunsa. Yatsu uku ne a hannun nasa na hagu, da su yake tallabe gindin gora yana tsiyaya wa mutane zuma a kwalba, ko ɗigo ba ya zuba ƙasa. Dogo ne siriri, kullum idonsa na sama kamar mai neman wani abu a reshen itace. Ba shi da yawan magana, sai fa in an taɓo zancen namun daji. Nan kam sai ka nemi wurin zama.

A Tungar Maidoki aka haife shi, wani ɗan ƙauye a gindin dutse tsakanin Tabla da Filinge, wanda ya ci sunan kakansa. Gidansu gidan gargajiya ne. Har yau Maidawa yakan kai jar kaza gindin tsamiyar gidan kafin a yi shuka, yakan kuma sa babbar riga ya bi jama'a sallar Idi, bai taɓa jin ɗaya ya tare wa ɗaya hanya ba. Noman hatsi kowa na yi a ƙasar Kurfai, amma abin da aka san gidansu da shi shi ne amya. Tun yana ƙarami ya koyi saƙa ta da gamba, a shafe da kashin shanu, a turara ta, a ɗaure a reshen gawo. Gawo ne ke yin fure da rani lokacin da sauran itatuwa suka bushe, saboda haka ƙudan zuma ba sa nisa da shi.

Yana da shekara goma sha bakwai dage ya raba shi da yatsunsa. Da sassafe mahaifinsa ya aike shi duba wata amya da iska ta kayar, ya iske wata dabba ta cusa kai ciki, bayanta fari-fari, cikinta baƙi ƙirin, ƙudan zuma sun rufe ta amma ko a jikinta. Ƙuruciya ta ɗebe shi ya cafki ƙeyarta. Bai san dage na juyawa cikin fatarsa kamar mutum cikin riga mai yalwa ba. Kafin ya ankara har an gama. Bayan kwana uku mahaifinsa ya kama dagen a tarko, ya dafa kan har naman ya zube, ya miƙa wa ɗansa ƙoƙon kan ya ce ya ajiye, ya riƙa duba haƙoran da suka yi masa aiki. Maidawa ya soke shi a jinkar rumbu, nan ya zauna shekara arba'in da 'yan kai.

Sau ɗaya ya taɓa zuwa cin rani, a Lome, ya yi wata huɗu yana dako ya dawo. Da aka tambaye shi yadda ya ga teku, sai ya ce ya gani, faɗi ne da ita, amma babu inda mutum zai rataya amya. Ya auri Delu, suka haifi 'ya'ya biyar, uku suka rayu. Mazan biyu suna Abijan, macen tana aure a Damana. Bai tara dukiya ba, bai kuma taɓa kwana da yunwar da ta wuce ta kowa ba. Abin da yake taƙama da shi guda ne: babu naman dajin Kurfai da bai sani ba, da sawunsa, da kashinsa, da warinsa, da irin ɓarnar da yake yi.

Damunar shekarar 2020 ruwa ya yi ɓarna ƙwarai. Korin da ke yamma da tunga, wato kwarin da ruwan sama ke bi, wanda a da akuya ke tsallakewa, ya zama rami mai zurfin tsayin mutum biyu. Ya cinye gindin wani babban gawo ya kwantar da shi tare da amya huɗu na Maidawa. Da ruwan ya janye, Maidawa ya ɗauki damin karan da zai yi hayaƙi da wuƙarsa ya gangara ya ga abin da zai iya tsira da shi. Ya kunna karan, amma ƙudan sun fusata, don haka ya koma gefe ya jingina da gaɓar korin yana jira su lafa.

A nan ya ga haƙoran. Suna daidai ƙirjinsa, a jere cikin ƙasa mai tauri, kamar gaɓar ce ta yi masa murmushi. Da fari ya zaci mushen kare ne ruwa ya binne. Amma wane ruwa ne zai binne kare ƙarƙashin ƙasar da ta fi shi tsayi, ƙasar da saiwar gawo ma ba ta huda ba? Ya sa tsinin wuƙa ya yi ta ƙwaƙula har abin ya fito. Muƙamuƙin ƙasa ne, ɓari guda, launinsa kamar na tsohuwar tukunya. Nauyin ne ya fara ba shi mamaki. Ya ƙwanƙwasa da bayan wuƙa, ya ji ƙarar dutse. Ya juya shi ya dubi fiƙar, ya dubi turmin baya mai kaifi kamar almakashi. Ya san haƙoran nan. Ya manta da amya, ya manta da wutar da ke cin karansa, ya hauro ya nufi gida.

Delu na sussuka a tsakar gida ta ga ya shigo ba zuma, ya wuce rumbu ya zaro ƙoƙon kan dagen nan, ya shimfiɗa buhu ya jera su biyu ya tsuguna. Ya daɗe a haka.

"Maigida, lahiya?" in ji ta.

"Zo ki duba. Wanga haƙoran mi ne?"

"Ni ina na san haƙoran namun daji? Kai ne mai sani."

"Dage ne."

"To, dage ne."

"Ba dage ba ne."

Delu ta jingine taɓarya ta dube shi. Ya nuna mata da yatsa. Fiƙa iri ɗaya, turmi iri ɗaya, har gajartar muƙamuƙin da kaurinsa. Sai dai wannan ya kusa ninka na dagen sau biyu, dabbar da ke da shi za ta kai damisa. Sannan can ƙarshe, bayan babban turmin, akwai wani ɗan haƙori ƙarami kamar ƙwayar wake, wanda dage ba shi da shi. Ya ƙirga daga gaba zuwa baya, ya ƙirga daga baya zuwa gaba, ɗan haƙorin na nan.

"Kuma dutse ne, Delu. Taɓa ki ji."

"Ba ni taɓawa. Kuma ba shi kwana ɗakina."

A gindin rumbu muƙamuƙin ya kwana, cikin tsumma.

Washegari Maidawa ya kai wa yayarsa Tanne. Tanne ta girme shi da shekara shida, ita ce babbar 'yar bori a tungar, Doguwa ke hawanta tun tana budurwa. Ba ta sa hannu ba ita ma. Da kara ta juya shi, ta sunkuya ta duba, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin irinsa ba, amma ran Alhamis akwai wasa saboda gonakin da ruwa ya ci, a bari a tambaya.

Ran Alhamis da la'asar aka taru a fili, mai goge na ja, mata na kaɗa ƙwarya. Ba a jima ba Doguwa ta hau Tanne, aka lulluɓe ta da baƙin zane, muryarta ta sauya. Aka yi zancen ruwa da na gonaki, aka ce a yanka baƙar akuya a bakin kori. Sannan zima, wato dattijon da ke magana da iskoki a madadin jama'a, ya kwance tsumman ya ajiye muƙamuƙin a gabanta ya ce ga abin da ƙanen goɗiyarki Tanne ya tsinta, na wane ne cikinku?

Doguwa ta daɗe tana kallonsa ta ƙarƙashin zanen.

"Ba namu ba ne," in ji ta. "Nan munka iske shi."

Mai goge ya sassauta hannu. Zima ya gyara zama ya sake tambaya, to me za a yi da shi, a mayar ko a ajiye?

"Ku tambayi mai shi."

"Wane ne mai shi, ranki shi daɗe?"

Sai atishawa uku, Doguwa ta sauka. Tanne ta farfaɗo tana neman ruwan sha, ba ta san abin da bakinta ya faɗa ba.

Wannan amsa ta fi rashin amsa damun Maidawa. Tun yana yaro abin da ya sani shi ne iskoki ne farkon masu ƙasar nan. Su ne kakanni suka iske, da su aka yi alkawari kafin a sare itace ko a haƙa rijiya. Yanzu ga Doguwa da bakinta tana cewa ita ma ta iske wani. To kafin iskoki kuma akwai wani kafin? Ya riƙa tafiya gona yana tsayawa tsakiyar kunya, hauya a hannu, har sai Delu ta yi masa magana.

Ranar kasuwar Filinge ya nuna wa Malam Zakari, mai sayar da yadi da ke kusa da inda yake baje zumarsa, mutumin da suka shekara ashirin suna raba inuwa guda. Malam Zakari ya sa tabarau ya auna nauyin abin a hannu, ya ce ai wannan ba abin wahala ba ne, cikin dabbobin da ruwan Ɗufana ya halaka ne.

"Na ji," in ji Maidawa. "Amma ba ka ce min Annabi Nuhu ya ɗauki kowace dabba biyu-biyu ba?"

"Haka ne."

"To ina ɗiyan biyun da anka ɗauka na wanga?"

Malam Zakari ya miƙa masa abinsa. Ya ce Allah shi ne masani. Sai ga wata mata tana tambayar atamfa, ya juya wurinta da saurin da bai saba yi ba.

Da kasuwa ta watse, Maidawa ya nufi gidan Samiratu, ɗiyar Tanne, wadda ke koyar da ilmin halittu da na ƙasa a kwalejin garin. Shi ya ɗauke ta a wuya ya kai ta lakol, wato makarantar boko, ranar farko, amma bai taɓa tunanin akwai abin da zai tambaye ta game da dabba ba. Yana kwance tsumman ta ajiye kwanon da ke hannunta.

"Kawu! Ina ka samo wanga?"

Ita ce mutum na farko da ya ɗauke shi da hannu biyu ba tsoro. Ta ce a lakol fosil suke ce masa. Ƙashi ne na gaske, na dabbar da ta mutu ƙasa ta rufe ta, ruwa ya yi ta ratsa shi yana barin ƙasarsa a ciki har ƙashin ya koma dutse. Ta ajiye biro a gefensa, ta ɗauki hoto ta sama, ta gefe, ta ƙasa, ta aika wa wani tsohon malaminta a Yamai mai suna Ibrah, wanda aikinsa ke nan, binciken ƙasusuwan da.

Bayan mako uku ta hau kabu-kabu ta zo tunga da kanta, ta iske shi gindin tsamiya yana saƙar sabuwar amya. Ta kunna masa saƙon murya. Da Faransanci aka yi shi, don haka tana tsayarwa tana fassarawa. Mushe Ibrah, wato Malam Ibrah a bakin 'yan lakol, ya ce daga hoto ba a yanke hukunci, amma ga alama dabbar cikin dangin dage da bodari take, irin waɗanda suka ƙare a duniya tun da daɗewa. Ya ce a Cadi an tono wani ɗan'uwan dage da ya kai shekara miliyan bakwai, a Kenya kuma an samu wani mai girman damisa.

Maidawa ya ji daɗin kalmar dage, har ya gyaɗa kai ya dubi Delu. Sauran zancen ne ya ƙi shiga.

"Miliyan bakwai ɗin nan, kaka nawa ke nan?"

Samiratu ta yi tunani, ta tashi ta ɗebo hatsi a ƙwaryar Delu. Ta ƙirga ƙwaya sittin da 'yan kai ta zuba masa a tafin hannu, ko tsakiyar tafin ba su rufe ba.

"Kawu, in kowace ƙwaya shekara guda ce, ga taka rayuwa. Miliyan bakwai kau ya hi rabin babban buhu."

Ya dubi tafinsa, ya dubi rumbu. Ya mayar da ƙwayoyin cikin ƙwarya a hankali, ɗaya ta maƙale a tsakanin yatsunsa ya kakkaɓe ta.

"To wa ya kashe su har sunka ƙare?"

"Ba kowa. Lokacin babu mutane."

"Babu mutane."

"Babu. Ƙasar ce ta sake. Da akwai gulabe da kurmi inda babu su yanzu, abincinsu ya ƙare ko wasu sunka hi su ƙarhi."

"In babu mutane, wa ya gan shi har ya san ɗan'uwan dage ne?"

"Kai ma ai ba ka gan shi ba, Kawu, ka ce dage ne."

Ya ci gaba da saƙa, ya yi kuskure, ya warware. Can ya ɗago.

"Kakan dage ne ke nan."

"Mushe ya ce ba lalle ba. Shina iya zama kamar ƙanen kaka, wanda gidansa ya mutu ba magaji."

"To amyar wa shika ci, tunda ba mai saƙawa?"

Samiratu ta yi dariya har da hawaye, ta ce ƙudan zuma sun riga amya zuwa duniya, kuma mai yiwuwa ma wannan ba zuma yake ci ba, nama yake ci. Maidawa bai yi dariya ba. Dagen da ba ya cin zuma, mai girman damisa, a Kurfai mai kurmi, ba mutum ko ɗaya. Kowace magana ita kaɗai yana iya riƙe ta, amma in ya haɗa su sai su zube. Ran nan da Delu ta kawo tuwo ya daɗe yana kallon malmalar kafin ya sa hannu.

Ibrah ya ce zai zo ya ga wurin da ido, don ƙasar da abu ya fito cikinta ita ke faɗin shekarunsa. Amma hanya ba lafiya a shekarar, aka yi ta ɗagawa. Sai bayan wata damunar ya samu zuwa, shi da direba, Samiratu ta rako su. Mutum ne gajere mai furfura a gemu, Ba'are daga Dogon Dutsi, ya durƙusa ya gaida Maidawa kamar yadda ake gaida uba. Da aka kwance tsumman ya ciro wani ɗan gilashi ya duƙa a kai yana dubawa.

"Baba, mi ya sa ka ce ba dage ba ne?"

Maidawa ya nuna ɗan haƙorin nan na ƙarshe.

Ibrah ya ɗago ya dube shi sosai. Ya ce wallahi abin da su ma suke dubawa ke nan, akwai ɗalibansa da sai an nuna musu sau uku. Maidawa ya gyara hularsa, ya shige gaba zuwa kori da tafiyar saurayi.

A bakin korin tafiyar ta mutu. Damunar da ta wuce ta sake cin gaɓar, ta faɗaɗa ramin, ta kawo rairayi ta shimfiɗa. Gawon da ya faɗi, mata sun sare rassan sun yi itacen wuta, ruwa ya ja gungumen ya kai wani wuri. Maidawa ya tsaya ya ce nan ne. Ya ƙara taku ashirin ya ce a'a, nan ne. Ya hau gaɓa ya nemi dutsen da yake saiti da shi, ya ga duwatsu biyu masu kama da juna. Ya sauko ya koma wurin farko, ya ga ƙasar can ja ce, alhali a tunaninsa fara-fara ce. Mutumin da ke bin sawun dila a kan tsakuwa, yau ga shi yana kai da kawowa cikin korin ƙauyensu gaban baƙo, gumi na zuba, ya kasa nuna inda ya jingina bayansa. Suka yini suna duba gaɓa, Ibrah na ƙwanƙwasa da 'yar gudumarsa yana zuba ƙasa a leda. Ba su samu ko tsinken ƙashi ba.

"Ba laihinka ba ne, Baba," in ji Ibrah. "Kori ba shi zama wuri guda."

Maidawa ya hauro daga korin ya kama hanya. Har suka iso gida bai ɗaga kai ba.

Da yamma Ibrah ya roƙi a ba shi muƙamuƙin ya tafi da shi Yamai a gwada shi da na wasu ƙasashe. Tanne, da ta zo ganin baƙo, ta ce sam. Abin da aka ce a tambayi mai shi, ba a samu mai shi ba, ai sai a mayar inda aka ɗauko.

"Yaya, ina za ni maishe shi?" in ji Maidawa. "Wurin ma ya ɓace min."

"Inna, in anka binne shi ba mai ƙara sanin komi," in ji Samiratu.

"Da can wa ya sani? Kuma lahiya lau muke."

Delu daga bakin madafa ta ce ita dai ko Yamai ko kori, a fitar mata da shi daga gida. Duk suka zuba wa Maidawa ido. Shi kuwa bai san abin da ya dace ba, kowa ya yi magana sai ya ji kamar shi ne mai gaskiya. A ƙarshe ya ce shi tambaya gare shi, cikin duk waɗanda ya tambaya kuwa wannan baƙon ne kaɗai ya ce a ba shi lokaci ya nemo amsa, don haka a ba shi. Tanne ta tashi ta kaɗe zanenta ta tafi, ta yi kwana goma ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ibrah ya rubuta takarda da sunan Maidawa da sunan tunga da ranar da aka tsinta, Maidawa ya dangwala yatsa, aka naɗe muƙamuƙin da auduga aka sa a kwali.

Wata bakwai ba labari. Sannan saƙo ya zo, Samiratu ta kira shi gefe ranar kasuwa ta kunna masa. Ibrah ya ce sun share ƙasar da ta manne wa turmin, sun ga ya fi yadda suka zata faɗi. Mai yiwuwa ba ɓangaren dage yake ba, ɓangaren karen ruwa ne, don a zamanin da an yi wasu manya-manya.

"Karen mi?"

"Karen ruwa, Kawu. Wanda ka zama cikin gulbi shina cin kihi."

Maidawa bai taɓa ganin karen ruwa da rai ba. Fatarsa kawai ya taɓa gani wurin wani mai magani a kasuwar Baleyara. Ya ce wannan zancen banza ne, shi ya san haƙoran da suka cinye masa yatsu. Samiratu ta ce ai karen ruwa da dage da bodari duk gida ɗaya suka fito. Ya ce ta yaya mai shiga ruwa da mai haƙa rami da mai tusa za su zama gida ɗaya? Ta ce kamar yadda ita da Inna suke gida ɗaya. Ya harare ta, ya ɗauki gorarsa ya koma rumfa, ranar har ya rikita wa wani kwalba, ya ɗura masa zuma a ta man gyaɗa.

Bara wani saƙon ya sake zuwa. Wata masaniya a ƙasar waje ta ga hotunan ta ce ita a ganinta ɓangaren dagen ne dai, faɗin turmin bai isa hujja ba. Amma ƙasar da Ibrah ya ɗiba a kori ba ta ba da amsa ba, kuma ba a san yankin da fitar da irin waɗannan ƙasusuwa ba. Yana yiwuwa tun da can wani tsohon ruwa ne ya jawo abin daga wani wuri ya ajiye. Shekarun ma ba tabbas, suna iya kasa miliyan bakwai nesa ba kusa ba. Sai an samu wani guntun kafin a ce wani abu.

Maidawa ya saurara har ƙarshe, hannunsa a haɓa.

"Wato yanzu dage ne, ko ba dage ba?"

"Ba su sani ba tukuna, Kawu."

"Na nan ne, ko ba na nan ba?"

"Shi ma ba su sani ba."

"Su da sunka yi karatun."

"Su ɗin."

Ya miƙe ya saɓa sandarsa. Ya ce daga yau kada ta ƙara kunna masa saƙon kowa, sai ranar da suka haɗa bakinsu wuri guda. Shi tsoho ne, kansa ba zai ɗauki a ɗora a sauke ba. Samiratu ta ce to, ta yi alkawari.

Yanzu shekarunsa sun haura sittin da biyar, gwiwa ta fara hana shi hawa manyan gawo, ya koma rataya amya a ƙananan rassa. Sun shirya da Tanne tuni, ko da yake ba sa taɓo zancen. In aka yi ruwa mai ƙarfi yakan ce wa Delu zai je duba gona, sai a hango shi cikin kori yana tafe a hankali, fuskarsa dab da gaɓa. Ya kai wa Samiratu duwatsu sun fi talatin a aljihun riga, ta duba ɗaya bayan ɗaya ta ce duwatsu ne.

Makon da ya wuce, bayan kasuwa ta tashi, ya biya gidanta kamar yadda ya saba. Ta kawo masa ruwa ya sha. Ya yi zancen tsutsar da ta shiga hatsin bana, ya tambayi lafiyar maigidanta, ya ba da labarin wata akuyar Delu da ta haifi uku. Ya tashi har ya kai bakin ƙofa, ya sa takalmi ɗaya, sannan ya tsaya bai juyo ba.

"Wayar nan taki, ba ta ce komi ba?"

"Ba ta ce ba, Kawu."

"To," in ji shi. Ya sa ɗayan takalmin ya fita neman motar Tabla.